Shekarar da Aka Ce Mama Mayya Ce

A Kirsimetin da ya wuce ina zaune a baranda na ji 'yata Na'omi tana ba yaranta labarin kakarta. Ta ce mutanen ƙauye sun so su hallaka tsohuwa, Baba Istifanus ne a kan gaba, sai ni na je na ƙwato ta, na yi mata magani ta warke. Na bar ta ta ƙarasa, don ana cikin cin shinkafa ana raha. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin na gane haka dukanku kuka ɗauki labarin, kuma haka za ku miƙa wa na bayanku. Ban warkar da Mama ba. Yayana Istifanus kuma ba abin da kuke zato ba ne. Lokacin kuna makarantun kwana, abin da kuka gani kaɗan ne, sauran kuma mun ɓoye muku. To, ga yadda abin ya faru.

Mama Ladi, mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke bayan Godogodo ta yi dukan rayuwarta. Citta take nomawa. Ita ke shuka, ita ke tono, ita ke tsagawa ta shanya a kan dutse, sannan ta loda buhuna a mota ta kawo Kafanchan. A kasuwa ta koyi Hausa, kuma Hausarta ta kasuwa ce: mace da namiji duk “shi” ne a bakinta, ba ta taɓa damuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa cutarta a ciniki saboda haka. Bayan rasuwar mahaifinmu ta ci gaba da zama a gidan tare da Yaya Istifanus da iyalinsa. Ni kuwa ina Kafanchan, ina aiki a ɗakin gwaji na asibiti, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina leƙa jini da fitsari a madubin gwaji.

Dole in faɗi laifina tun a nan. Shekaru kafin abin ya fashe, alamu sun bayyana. Za ta sa gishiri a miya sau biyu. Za ta je gona ta dawo ba fartanya. Wata rana ta tambaye ni sau huɗu ko Rahila, mahaifiyarku, ta haihu lafiya, alhali autanmu ya riga ya shiga sakandare. Duk lokacin da Yaya ya kira ni ya ce Mama tana wasu abubuwa, sai in ce masa tsufa ne, in aika da maganin ƙarin jini. Ni ne ma'aikacin lafiya a gidan, ni ya kamata in zauna in duba. Ban duba ba. Shi ne yake kwana yana tashi da ita, ni ina zuwa ƙarshen wata da burodi da sabulu, in sha ruwa in koma.

A daminar shekarar da abin ya fashe jikar Yaya ta rasu. Sunanta Talatu, ba ta kai shekara uku ba. Zazzaɓi ne ya kama ta, ta fara jijjiga, kafin a samu babur a fita da ita ta cikin taɓo rai ya yi halinsa. Na je jana'iza na dawo. Bayan kwana uku, da safe, gidan cike da mata 'yan zumuntar majami'a da suka zo ta'aziyya, Mama ta fito daga ɗakinta zani a karkace, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya da yarenmu ta ce ita ce ta kashe Talatu. Ta ce ita ta ɗauke ta ta ɓoye a rumbu, kuma a can ta mutu. Ta faɗa, ta maimaita, tana dukan ƙirji. Kun san abin da irin wannan magana ke nufi a wajenmu. Kafin rana ta take, ƙauye duka ya ji cewa Mama Ladi ta yi furuci da bakinta, ta ci jikar ɗanta.

Da na iso na tarar an rufe ta a ɗaki, ba don a azabtar da ita ba, sai don samari sun fara taruwa a bakin hanya. Yaya ne ya sa kwaɗon, kuma shi ne ya zauna a ƙofar a kan turmi da ya kifa. Wannan ku riƙe shi da kyau. Dattawa suna ƙarƙashin mangwaro suna shawara, wasu na cewa a kai ta gidan addu'a a yi mata kwana bakwai na azumi, wasu na cewa a bi hanyar kakanni. Na gaishe da Yaya bai ɗago ba.

“Bitrus, ka zo,” in ji shi. “Ni ban ce komai ba. Ita ce ta faɗa. Mutum hamsin sun ji.”

“Yaya, buɗe mini in gan ta.”

“Ka ga ɗana can, uban yarinyar? Tun jiya bai ci abinci ba. Me zan gaya masa? In ce masa kunnensa ne ya yi ƙarya?”

Ya dai miƙo mini makulli. Da na shiga, abin da ya fara tarbata shi ne wari, warin da duk wanda ya yi aikin da na yi ya sani. Na taɓa goshinta na ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Leɓenta ya bushe ya tsage. Ba ta gane ni ba, tana ta tsinke wani abu daga jikin tabarma wanda ba ya nan. Na fito na ce wa dattawa uwata ba ta da lafiya, zan kai ta asibiti, in ta warke sai a yi maganar. Wani tsoho ya ce to ai maita ma tana sa zazzaɓi. Na goya ta da zani, Yaya ya tashi ya yi gaba, samarin suka buɗe hanya saboda shi, ba saboda ni ba. Har bakin mota ya raka mu, amma bai dubi fuskarta ba ko sau ɗaya.

Ni da kaina na gwada fitsarinta. Da na sa ido a madubi sai na ga fararen ƙwayoyin jini sun cika fili maƙil, babu masaka tsinke. Waɗannan su ne garkuwar jiki, su ke fitowa yaƙi idan cuta ta shigo. Shekara da shekaru ina ƙirga su wa 'ya'yan wasu, ranar nan na zauna ina kallon na uwata. Ciwon mafitsara ne ya yi mata yawa har ya fara shiga jini. Aka sa mata ruwa da allurai. A kwana na shida ta buɗe ido ta dube ni sosai, ta ce da Hausarta:

“Bitrus, wa ya kawo ni nan? Wa yana duba citta?”

Na fita waje na jingina da bango na yi godiya ga Ubangiji. Na ɗauka an gama. Wannan ne kuka ji kuka ce na warkar da ita.

Likitar da ta duba ta ita ce Dakta Hadiza, 'yar wani Alhaji da ya daɗe yana sayen citta a hannun Mama a kasuwar Kafanchan. Tun tana ƙarama ta san Mama, Kaka take ce mata. Ta je ta yi karatun ciwon ƙwaƙwalwa ta dawo, tana zuwa asibitinmu sau ɗaya a mako. Ta zauna da Mama ta yi mata tambayoyi masu sauƙi: wace rana ce yau, 'ya'yanki nawa, ga abubuwa uku ki riƙe zan sake tambaya. Mama ta yi dariya ta ce yarinyar nan ta cika surutu, amma ba ta iya ko ɗaya ba. Daga nan Hadiza ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

“Baba Bitrus, abu biyu ne a jikin Kaka,” in ji ta. “Ruɗewar da zazzaɓi ya kawo ta tafi. Amma a ƙarƙashinta akwai cutar mantuwa, kuma ta daɗe. Wannan ba ta tafiya.”

Na ce mata ban gane haɗin mafitsara da ƙwaƙwalwa ba. A makaranta an koya mana cewa ƙwaƙwalwa a katange take, abin da ke cikin jini ba ya damunta.

“Haka aka koya wa kowa a da,” in ji ta. “Yanzu an gane katangar ba ta kai yadda ake zato ba. Ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi, dangin waɗanda kake ƙirgawa a madubi. Aikinsu su share datti, su kwashe abin da ya lalace. Idan cuta ta shiga jiki ko'ina, saƙo yana kai musu, sai su tashi. A ƙwaƙwalwar mai lafiya sukan lafa bayan an gama. A irin ta Kaka sun riga sun daɗe a tsaye suna fama da dattin da ya taru, to in aka ƙara zuga su sai su wuce gona da iri, su taɓa har abin da ba shi da laifi. Ka san yadda ake sa wuta a share gona, iska ta kwashe ta zuwa gonar maƙwabci.”

Na tambaye ta ko su ne ke kawo cutar tun farko. Ta ce a nan masu bincike suke har yanzu, ba a gama rabe ko su ne ke fara ɓarna ko zuwa suke yi bayan ta fara ba, wataƙila duka biyun ne a lokuta daban. Na tambaye ta magani. Ta girgiza kai, ta ce ba za ta sayar mini da abin da ba ta da shi ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu tsare Mama daga duk abin da zai tayar da garkuwar jikinta: ruɓaɓɓen haƙori, gyambo, maleriya, mura da ta sauka ƙirji, ƙarancin shan ruwa. Ta ce in na ga ta rikice farat ɗaya, kada in ce cutar ce ta ƙaru, in nemi inda ciwo ya ɓuya. Ta ce kuma in shirya raina, don sau da yawa in irin wannan ya wuce, mutum ba ya komawa daidai inda yake.

Na ɗauki wannan bayani na kai ƙauye ranar Lahadi bayan sujada. Fasto ya ba ni dama na tsaya a gaban dattawan ikilisiya na yi magana, har da takardar gwaji na nuna. Sun saurare ni da ladabi. Da na gama, wata tsohuwa ta ce ta yarda zazzaɓi yana sa sambatu, ita ma ta taɓa yi, amma me ya sa a cikin dukan sunayen duniya sai Talatu ta kira, kuma me ya kawo rumbu? Yaya ya ce in Mama za ta dawo, sai ta bi ta gidan addu'a tukuna, don hankalin ɗansa da surukarsa ya kwanta. Na san abin da kwana bakwai ba ruwa zai yi wa mafitsararta. Na ce ba za ta je ba, kuma ba za ta dawo ba. Na faɗi wata magana mai zafi a kan jahilci, a gaban mutane, ga mutumin da ya sayar da akuyarsa ya saya mini takalmin makaranta. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar sai da muka yi wata goma sha ɗaya ba mu yi magana ba.

Haka Mama ta zauna a gidanmu, a ɗakin da ke kallon bishiyar gwaba. Na ɗauka na cece ta, kuma ta wani gefen haka ne. Amma akwai abin da ban lissafa ba. A ƙauye ƙafarta ta san hanyar rafi, ta san ta majami'a, ko kanta ya manta. A nan ko bayan gida sai an nuna mata kullum. Duk yamma sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta zauna a bakin get tana jiran motar Godogodo. Mahaifiyarku ce ta sha wahalar, ita ke wanka, ita ke wankin zannuwa, ita ke bin ta da kofi tana lallashi ta sha ruwa. Ni aikina gwaji. Muka cire mata haƙora biyu da suka ruɓe, muka ɗaura gidan sauro, na riƙa duba ƙafafunta kowace safiya. Duk da haka sau biyu ciwo ya kuɓuce mana, maleriya sau ɗaya, ciwon ƙirji sau ɗaya, kuma kowane ya tafi da wani abu nata. Na farko ya tafi da sunayenku. Na biyu ya tafi da Hausa.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Rahila 'yar wajen Gwantu ce, yarenta daban da namu, da Hausa muka yi aure, da Hausa muka rene ku. Ranar da Mama ta tashi daga ciwon ƙirji, Rahila ta kawo mata kunu ta ce, “Mama, ga kunu.” Mama ta dube ta kamar ta ji kukan tsuntsu. Harshen da ta yi shekara hamsin tana ciniki da shi ya zube, sai na nonon uwa ya rage. A duk gidan, a duk layinmu, ni kaɗai nake jin abin da take faɗa, ni kuma ina wajen aiki daga safe zuwa la'asar. Na ɗauko ta daga inda kowa ke jin maganarta na kawo ta inda ba mai ji. Rahila ta sa na rubuta mata kalmomi goma sha biyu a bayan kalanda, ruwa, zafi, zauna, sannu, da makamantansu, ta manna a kicin. Da su suka yi zaman da ya rage.

Wata Asabar ina yanke mata farce a inuwar gwaba, sai ta kira ni da sunan mahaifina, ta fara ba ni labari kamar jiya ya faru. Ta ce ƙyanda ta shigo gari tana kwasar yara, tsofaffi suka ce in an ɓoye yaro inda cuta ba za ta gan shi ba zai tsira. Ta ce ta ɗauki Talatu ta shimfiɗa mata a cikin rumbu, tana kai mata nono a ɓoye. Kwana uku, ta tarar da ita ta yi sanyi. Ta riƙe hannuna ta ce, “Da na bar ta a ɗaki, da na ji kukanta.” Na san mun taɓa yin 'yar'uwa mai suna Talatu wadda ta rasu kafin a haife ni, sunanta ma aka mayar wa jikar Yaya. Amma ba wanda ya taɓa gaya mana yadda ta rasu. Mama ta riƙe wannan ita kaɗai tsawon rayuwarta. Da ta ji ana kukan wata Talatu, ga zazzaɓi a kanta, sai shekarun suka haɗe mata wuri guda.

Washegari na hau mota. Na sami Yaya a gonar citta yana ciyawa. Ban yi doguwar gaisuwa ba, na gaya masa abin da na ji. Ya tsaya da fartanya a hannu, ya daɗe yana kallon ƙasa.

“Ina da shekara shida,” in ji shi. “An hana mu zuwa kusa da rumbu. Baba ya ce akwai maciji.”

Ya sunkuya ya ci gaba da aiki, ni ma na ɗauki wata fartanya na kama kunya ta gaba. Har muka tashi ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Daga baya na ji shi da kansa ya bi gida gida ya faɗa wa mutane. Wasu sun yarda. Wasu har gobe ba su yarda ba, kuma na daina ƙoƙarin sa su.

Asabar ta gaba ya zo Kafanchan da doya a buhu. Mama tana zaune a tabarma. Ya durƙusa ya gaishe ta da yare, gaisuwar gida cikakkiya, da tambayar gona da awaki da ruwan sama. Fuskarta ta buɗe yadda ban gani ba tun zuwanta. Suka yi ta hira har inuwa ta juya, tana tambayarsa mutanen da suka mutu tun muna yara, yana ce mata suna lafiya, suna gaishe ta. Can ta juyo wajena ta ce wannan baƙon ɗan mutunci ne, ɗan gidan wa ne, a kawo masa abinci. Rahila ta kawo tuwo. Ya ci kansa a sunkuye.

Da na raka shi tasha na ce masa kada ya ji zafi, ni ma yawanci ba ta san ni ba.

“Bar shi haka, Bitrus,” in ji shi. “Baƙon bai sa mata kwaɗo ba.”

Daga nan bai fasa zuwa ba ko Asabar ɗaya, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Kullum sai ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, kullum sai ya faɗi sunan mahaifinmu, ita kuma ta ce ta san mutumin, mutumin kirki ne, amma ba ya iya tsaga citta. Haka suka yi shekara biyu da 'yan watanni. Ciwon ƙirji ne ya dawo a ƙarshe, wannan karon jikinta bai iya yaƙin ba. Ranar Alhamis ta rasu da hantsi, kuma da na kira Yaya in gaya masa, sai na ji ƙarar mota a wayar. Ya ce tun safe jikinsa ya ba shi, yana hanya, sun wuce Godogodo. Shi ya ɗauke ta ya kai ta gida. Da aka zo haƙa kabari wasu suka fara gunaguni a kan inda za a sa ta, sai ya karɓi diga daga hannun masu haƙa, ya je gefen kabarin mahaifinmu, tsoho mai shekara saba'in da ciwon baya, ya sara ƙasa da kansa. A nan muka binne ta.